Yadda zaka kalli fim ɗin sarauniyoyi masu gaba ka gane inda aka ƙara gishiri, ka kuma auna wasan jaruman

Duk fim ɗin da aka ce maka wai labarin gaskiya ne na sarauniyoyi biyu da suka yi gaba, to ka zauna kallo da sanin cewa hannu uku ne suka taɓa labarin nan kafin ya iso gabanka. Akwai wanda ya rubuta shi tun a wancan zamanin, galibi bafaden ɗaya daga cikinsu ne ko jakadan wata ƙasa da yake neman abin da zai aika wa uban gidansa, akwai marubucin fim da aka ba awa biyu aka ce ya cusa shekara talatin a ciki, sai jarumar da zata kwashi duk wannan ta ɗora a fuskarta da tafiyarta. Kowannensu akwai ƙarin da sana'arsa ta halatta masa, akwai kuma wanda in ya yi ya ci amanar mai kallo. Yawancin masu cewa "ai fim ɗin nan duk ƙarya ne" akan maɓallin riga da launin gashi suke tsayawa, babbar ƙaryar ta zo ta wuce ta gabansu ko ƙyallinta basu gani ba.

Zan fi jingina da Mary ta Scotland da Elizabeth ta farko ta Ingila dan su aka fi yi wa fim, amma dabarar ɗaya ce ko na Turkiyya kake kallo ko na Chaina.

Ka fara da shekaru, minti biyar ya isa

Kafin ka kunna fim ɗin ka buɗe waya ka rubuta lambobi kaɗan, haihuwar kowacce, hawanta karaga, mutuwarta. An haifi Elizabeth a 1533, ta hau mulki a 1558, ta mutu a 1603. An haifi Mary a watan Disamba 1542, tana da kwana shida a duniya ubanta ya mutu ta zama sarauniya, an kai ta Faransa a 1548, ta dawo Scotland a 1561 tana bazawara 'yar shekara 18, manyan ƙasarta suka tsare ta a 1567, ta gudu Ingila a 1568, aka fille mata kai ranar 8 ga Fabrairu 1587. Shikenan. Da wannan ɗan lissafin kaɗai zaka ga abin da kusan kowane fim yake ɓoyewa, wato mulkin Mary a ƙasarta shekara shida ne kacal, zaman ɗaurin talala kuma kusan shekara 19. Fim sai ya ba shekara shidan awa ɗaya da rabi dan a nan ne ake da aure da kisa da yaƙi, shekara 19 ɗin kuma ya yi tsalle ya wuce su da rubutu layi ɗaya a allo. Wannan ba laifi ba ne, ba wanda zai biya kuɗi ya kalli mace tana ɗinkin ado a ɗaki mai sanyi tana rubuta wasiƙu, amma kai ka riƙe a ranka cewa matar da aka kashe tana da shekara 44, jiki ya yi nauyi, sanyin ƙashi ya ci ƙafafunta, ita kuma Elizabeth da ta sa hannu a takardar kisan tana da 53. In ka ga 'yan mata biyu suna hararar juna a ƙarshen fim, ka san an cinye shekara ashirin.

Sai tambayar da take ta da jijiyar wuya, sun taɓa haɗuwa kuwa?

Mary da Elizabeth basu taɓa sa juna a ido ba, ko sau ɗaya. An shirya haɗuwa a arewacin Ingila a 1562, yaƙin addini ya ɓarke a Faransa tsakanin Katolika da Furotesta, aka ɗage, daga nan bata sake yiwuwa ba. Duk shekarun da Mary ta yi a tsare a Ingila tana roƙon a bari ta ga 'yar'uwarta ido da ido ta wanke kanta, Elizabeth tana zillewa. Amma je ka duba fina-finan, kusan duka sai an haɗa su. Wannan ɗabi'ar ta tsufa, marubucin wasan kwaikwayo na Jamus, Schiller, ya haɗa su a wasansa na shekarar 1800 suka yi cacar baki a filin gidan da Mary take tsare, fim ɗin 1971 da Vanessa Redgrave da Glenda Jackson ya haɗa su, na 2018 da Saoirse Ronan da Margot Robbie shi ma ya haɗa su a wani ɗaki cike da yadudduka a rataye suna leƙen juna ta bayan zane.

Ni dai bana jin haushin wannan fitowar kamar yadda wasu suke ji. Mutum ya tara manyan jarumai biyu ya biya su, ace har a tashi basu haɗu a gaban kamara ba? Abin da zaka duba shi ne me aka sa a bakinsu. In a haɗuwar ƙaryar an faɗi gaskiyar rikicin, wato Mary tana cewa ni sarauniya ce shafaffiya ba kotun da take da hurumin yi min shari'a, Elizabeth tana cewa muddin kina numfashi duk mai son kashe ni yana da wadda zai ɗora, to an yi ƙarya a wuri an faɗi gaskiya a magana, ka yafe. In kuwa an haɗa su ne dan ɗaya ta ce na fi ki kyau na fi ki haihuwa, ɗayar ta fashe da kuka, to nan ne aka cuce ka.

Dalilin gabar, nan ne wurin da zaka fi daɗewa

Babbar ƙaryar irin waɗannan fina-finan ita ce mayar da rikicin karaga ya koma faɗan kishiyoyi a tsakar gida. Ita ce mafi sauƙin rubutawa, ita ce mafi saurin shiga ran mai kallo, kuma ita ce take rage matan nan ta mayar da su ƙanana. Dan haka duk lokacin da fim ya nuna maka ɗaya tana ƙin ɗaya, ka tsayar ka tambayi kanka, in da maza biyu ne a wannan matsayin, da zasu yi wannan gabar? In amsar eh ce, to siyasa ce, fim ɗin ya kamata ya nuna maka siyasar.

Duba na Mary da Elizabeth. Kakar Mary ta wajen uba, Margaret, yayar Sarki Henry na takwas ce, uban Elizabeth, kaga jinin sarautar Ingila yana jikinta. Katolika kuma basu taɓa yarda da auren Henry da Anne Boleyn, uwar Elizabeth, ba, a wajensu Elizabeth 'yar gaba da fatiha ce, shi kansa Henry ya taɓa sa a ayyana ta haka a 1536 bayan ya kashe uwarta. Da Elizabeth ta hau mulki, Mary tana Faransa tana auren yarima mai jiran gado, sai aka haɗa tambarin sarautar Ingila cikin nata tambarin, wanda a yaren sarakuna daidai yake da cewa kujerar nan tawa ce. A 1560 aka ƙulla yarjejeniyar Edinburgh wadda a ciki ake so ta janye wannan da'awar, ta ƙi sa hannu har ta mutu. A 1570 Fafaroma ya fitar da takarda ya kori Elizabeth daga coci ya ce talakawanta ba dole su yi mata biyayya ba. A 1572 aka yi wa Furotesta kisan kiyashi a Faris, a 1584 aka harbe William na Orange, jagoran Furotesta na Holan, a cikin gidansa. To ka ce min macen da take ganin duk wannan, ba miji ba ɗa, ga wata mai jininta a tsare a ƙasarta ana ta ƙulle-ƙulle da sunanta, sai kyawun fuska ne zai hana ta barci?

Kuma abin da fina-finai basu cika son nunawa ba, Elizabeth ce ta daɗe tana tare wa Mary gatari. Da manyan Scotland suka kama Mary suka tsare ta a Lochleven a 1567, Elizabeth ta fusata da su sosai, dan a ganinta in talakawa suka saba tuɓe sarauniya yau, gobe kanta za a zo. Bayan makircin Ridolfi, na tuɓe Elizabeth a ɗora Mary, majalisa ta nemi kan Mary a 1572, Elizabeth ta ƙi, Duke na Norfolk da yake cikin makircin aka kashe. Waɗanda suka dage sai an gama da ita su ne manyan fadawan Elizabeth, William Cecil da Francis Walsingham, da mutanensu. Shiyasa in kana kallo ka sa ido akan mazan da suke tsaye a bayan kujera. Fim ɗin da ya mayar da su 'yan amshin shata, sarauniya ta yi tsawa su watse, bai fahimci yadda fada take aiki ba.

Kar kuma ka zarce ka ce kishi babu shi sam. Jakadan Mary, James Melville, ya rubuta yadda Elizabeth ta tsare shi da tambayoyi a 1564, wace ce ta fi kyau, wace ce ta fi tsayi, wace ce ta fi iya kiɗa da rawa, da ya ce uwar ɗakinsa ta fi tsayi sai ta ce to ta cika tsayi kenan. Yana nan a rubuce. Sai dai shi Melville ɗin mutumin Mary ne kuma da tsufansa ya rubuta, wannan kuma ya kawo mu ga abu na gaba.

Wa ya ba da labarin, kuma yaushe?

Duk fitowar da ta sa ka riƙe baki, irin wadda ake yankowa ana yaɗawa, ka je ka binciki asalinta, tambaya biyu kawai, wa ya fara faɗa, shekara nawa bayan abin ya faru. Zaka sha mamaki.

Masu kallon fim ɗin Turkiyya mai dogon zango akan Sarki Sulaiman duk sun san damben Mahidevran da Hurrem, iyayen 'ya'yan sarkin, aka yakushe fuska aka tuje gashi, Hurrem ta ƙi zuwa kiran sarki ta ce ba zata iya bayyana a haka ba. Marubutan fim basu ƙirƙira ba, jakadan Venice ne mai suna Bernardo Navagero ya kawo shi a rahotonsa na 1553, shekaru da yawa bayan lokacin da ake cewa an yi, kuma namiji ne baƙo da ƙafarsa ba zata taɓa taka cikin gidan sarki ba, jita-jitar gari ya kwasa. Abin da yake tabbas ya fi damben nauyi, a daular Usmaniyya ɗan da ya hau mulki yana iya kashe 'yan'uwansa maza, dan haka kowace uwa tana faɗa ne dan kar a shaƙe mata ɗa. Sulaiman ya karya al'ada ya 'yanta Hurrem ya aure ta, ya kuma haifi 'ya'ya maza da yawa da ita, a 1553 ya sa aka shaƙe Mustafa ɗan Mahidevran, Hurrem ta mutu a 1558 bata ga ɗanta Salim ya hau ba a 1566, Mahidevran kuma ta rayu har 1581 a Bursa kusa da kabarin ɗanta.

Haka labarin Wu Zetian ta Chaina, wai ta shaƙe jaririyarta da hannunta dan ta ɗora wa Sarauniya Wang laifi. An tuɓe Wang a 655, wannan ba gardama, amma cikakken labarin shaƙe jaririyar da duk ƙwalisarsa a littattafan da aka rubuta ɗaruruwan shekaru daga baya yake, a hannun malaman fada da suke ganin mace akan karaga annoba ce. Haka Fredegund da Brunhild, sarauniyoyi masu gaba na ƙasar Faransa ta da can, kusan duk muguntar da muka sani ta Fredegund daga alƙalamin Gregory na Tours ta fito, shi kuwa a ƙarƙashin Brunhild da mijinta ya samu kujerar bishop a 573. Haka yatsa na shida da ake liƙa wa Anne Boleyn, wani marubucin Katolika ne Nicholas Sander ya yaɗa shi a littafin da ya fito a 1585, kusan shekara hamsin bayan an kashe ta, dan ya ɓata 'yarta Elizabeth da take kan mulki.

Ba cewa nake darakta kar ya yi amfani da irin wannan ba, yana da daɗin kallo. Amma kai ka ajiye shi a layin "an ce", kar ka je kana rantsuwa a kai. Akwai ma waɗanda har gobe masana basu daidaita ba, kamar wasiƙun akwati da aka ce Mary ta rubuta wa Bothwell, wanda ta aura daga baya, suna nuna da hannunta a kisan mijinta Darnley, na asalin sun ɓace tun 1584, kwafe ne suka rage. A irin wannan wurin dole fim ya zaɓi ɓangare, kuma zaɓin ba ƙarya ba ne, ka dai lura da wanne ya zaɓa dan daga nan zaka gane wa yake so ka tausaya wa.

Sutura da kama da karin harshe

Nan kar ka ɓata lokaci da yawa. Fim ɗin 2018 da yadin jins aka ɗinka yawancin kayan, da gangan, kuma bai canza komai a labarin ba. Catherine ta Aragon, matar Henry ta farko, fara ce mai jan gashi, amma da yake 'yar Sifaniya ce galibi sai a nemo mai baƙin gashi. Haƙoran Elizabeth sun yi baƙi da tsufa, baƙin da suka gan ta a shekarun 1590 sun rubuta, ba furodusan da zai yarda. Mary doguwa ce sosai, kusan ƙafa shida. Masu cewa ai da karin Faransanci ya kamata ta yi magana tunda can ta tashi suna da hujja, yawancin wasiƙunta ma da Faransanci ne, amma wani Nicholas White da ya ziyarce ta a 1569 ya rubuta cewa da karin Scotland take magana, kaga ba abin ɗaga murya ba ne.

Inda sutura take zama matsala shi ne in ta yi ƙarya akan matsayi. Matar aure a fada da gashi a sake yana reto, sarauniya tana yawo ita kaɗai a lungu ba kuyanga ba dogari, baiwa ta sa kayan da suka fi na uwar ɗakinta. Wannan ya taɓa yadda duniyar take tafiya. Haka farar hodar nan mai dalma da ake lafta wa Elizabeth, gaskiya ne ta yi agana a watan Oktoba 1562 har aka fidda rai, gaskiya ne ana amfani da irin hodar a zamanin, amma in an mayar da fuskar kamar ta dodo dan kawai a ce maka ga wadda ta rasa ƙuruciya ga mai kyau can, to an koma faɗan kyau ta bayan gida.

To yanzu wasan kansa

Abu na farko da zaka gwada, ka kashe sauti. Zaɓi fitowar fada guda ɗaya ka kalle ta shiru, musamman in fassararren fim kake kallo inda muryar ma ba ta jarumar ba ce. Ba tare da ka ji kalma ba ya kamata ka gane wace ce mai mulki a ɗakin. Kuma zaka lura rabin aikin ba ita take yi ba, mutanen gefe ne, yadda suke durƙusawa, yadda hira take mutuwa in ta shigo, yadda ba mai juya mata baya, yadda kowa yake satar kallon fuskarta kafin ya yi dariya. Jarumar da ta san aiki bata gaggawa, bata juyawa dan an kira ta, bata miƙa hannu ta ɗauki abu, jira take a kawo. In ka ga sarauniya tana ta ɗaga murya kowane minti biyar dan a san ita ce, to ko jarumar bata yarda da kanta ba ko darakta bai shirya mata ɗakin ba.

Ba wai basa fushi ba. Elizabeth tana da zafin rai, tana rantse-rantse, a 1598 ta kwaɗa wa Earl na Essex mari a gaban majalisa da ya juya mata baya, shi kuma ya kai hannu ga takobi. Amma dalilin da ya sa har yau ake ba da labarin shi ne ba kullum ake yi ba. Ka ƙirga sau nawa jarumar ta fashe a fim ɗin, ka duba ko kowace fashewa ta canza wani abu a ɗakin.

Na biyu, kuma wannan ne yake raba ƙwararriya da mai kyawun fuska, shin tana wasa kamar ta san ƙarshen labarin? Mu mun san za a fille wa Mary kai, ita bata sani ba. Yarinyar da ta sauka a Scotland a 1561 mai son farauta ce da rawa, a 1565 da kanta ta hau doki tare da rundunarta ta fatattaki ɗan'uwanta Moray da ya yi mata tawaye, har lokacin da ta tsallaka Ingila a jirgin masunta tana zaton Elizabeth zata bata sojoji ta koma. Jarumar da ta fito tun fitowar farko da idanu jage-jage kamar mai zaman makokin kanta ta kashe fim ɗin, dan ba sauran abin da zai faɗo. Haka ita ma Elizabeth ta 1560 bata san zata yi shekara 44 akan mulki ba, mace ce da aka taɓa kullewa a Hasumiyar Landan zamanin yayarta tana jiran ko za a kashe ta, ya kamata ka ga wannan tsoron yana leƙowa ta ƙarƙashin izzar.

Na uku, addini. Mutanen nan sun yarda da abin da suke faɗa, da wuta da aljanna da cewa Allah ne ya ɗora su. Marubutan yanzu suna son su sa wa jaruma maganar 'yar zamani, kowa ya yi addininsa, mace ma mutum ce, mu haɗa kai mu bar maza, sai ka ji kamar daga Facebook aka kwafo. Ka duba yadda take riƙe carbi ko littafin addu'a, kayan ado ne a hannunta ko abin da ta dogara da shi ne.

Na huɗu, wasiƙa. Tunda basu haɗu ba, duk zumuncinsu da gabarsu a takarda aka yi, suna kiran juna 'yar'uwa, suna aika wa juna zobe da hoto, Elizabeth ce ma uwar baftismar ɗan Mary har ta aika da kwanon zinare. Dan haka fitowar da mace take zaune ita kaɗai tana karanta wasiƙa ita ce jarrabawar gaske. Ka kalli idon, yana bin layi kuwa ko kawai ta zuba wa takarda ido tana jiran darakta ya ce ta yi kuka? Ina ta tsaya, ina ta koma baya ta sake karantawa, ta ninke takardar a hankali ko ta ajiye ta a buɗe dan sakatare ya gani? Nan ba kiɗa ba abokin wasa da zai rufa mata asiri.

Sai tsufa. Masu kwalliya zasu zana tamoji su sa furfura, wannan aikinsu ne, na jaruma shi ne yadda take tashi daga kujera, yadda numfashi yake yanke mata magana, yadda murya take sauka. Da yawa fuska 'yar sittin, tafiya 'yar ashirin da biyar. Kayan ma suna taimakon wadda ta bari, rigar ciki mai matse ƙirji bata barin mutum ya ranƙwafa, siket mai zobba yana hana zama yadda aka ga dama, babbar kwalar nan mai tattara tana sa dole a juya da duka jiki. In tana tafe tana wurga ƙafa kamar da wandon motsa jiki take, bata zauna da kayan ba kafin a fara ɗauka.

Fitowar sa hannu da ta kisa

In kana son hukunci ɗaya da zai gaya maka darajar fim ɗin gaba ɗaya, jira wannan wurin. Ga abin da ya faru. A 1586 mutanen Walsingham suka buɗe wa Mary hanyar aika wasiƙa a ɓoye cikin gangar giya, ita tana zaton asiri ne alhali kowace takarda sai ta bi ta hannunsu an warware rubutun sirrin an kwafe, har ta amsa wa wani matashi ɗan Katolika, Anthony Babington, akan shirin da ya haɗa da kashe Elizabeth. Aka yi mata shari'a a Fotheringhay a watan Oktoba, aka yanke mata hukuncin kisa. Elizabeth ta yi ta jan ƙafa wata da watanni, ta sa hannu ranar 1 ga Fabrairu 1587, sannan ta sa aka rubuta wa mai tsaron Mary, Amias Paulet, ana nuna masa ko zai gama da ita a ɓoye ya hutar da kowa, mutumin ya ƙi. Majalisarta ta aika da takardar ba tare da ta koma wajenta ba. Da labari ya zo an kashe, ta yi ta bala'i, ta ce bata ba da umarnin aikawa ba, ta jefa sakatarenta William Davison a Hasumiya.

To jarumar da zata yi wannan dole ta riƙe abu biyu lokaci ɗaya, tana so a yi, bata so ace ita ta yi. In ta yi shi da murmushin mugunta ta faɗi, in ta yi shi kamar baiwar Allah da maza suka yaudara nan ma ta faɗi. Ka kalli hannun da alƙalamin, ka kalli ko ta ɗago ta dubi Davison ko ta ƙi dubansa.

Ɓangaren Mary kuma, ita ta shirya ranar kamar mai shirya wasa, ta shigo da baƙaƙen kaya, da kuyanginta suka cire mata na sama sai ga ja a ciki, launin shahada a cocin Katolika, ta yi addu'arta da Latin da ƙarfi ta danne muryar limamin Furotesta da aka kawo mata. Hauni bai gama da sara ɗaya ba, da ya ɗaga kan sai gashin kanti ya rage a hannunsa, nata gashin gajere ne duk furfura, ɗan karenta kuma yana ɓoye cikin siket ɗinta. Yawancin fina-finai suna yankewa kafin gatari ya sauka, ba komai, amma ka duba ko jarumar ta nuna maka mace da ta san ana kallonta kuma take amfani da kallon, dan abin da Mary ta yi kenan.

In fim ya ƙare kar ka tashi, ka karanta rubutun da suke sawa a baƙin allo. A cikin wasa kowa ya san ana ƙari, amma a wannan rubutun masu fim ne suke magana da bakinsu suna cewa ga abin da ya faru, dan haka nan ne zaka fito da lambobin da ka rubuta ka gwada ɗaya bayan ɗaya. Na Mary da Elizabeth ya kamata ka ga 1587, ka ga 1603 da James ɗan Mary ya gaji Elizabeth ya haɗa karagu biyu, wasu su ƙara da 1612 da ya tono gawar uwarsa ya mayar da ita Westminster. In na Kosem da surukarta Turhan na daular Usmaniyya ne ka nemi 1651, shekarar da aka shaƙe Kosem a cikin fada, in na Brunhild ne 613, kuma ka tabbata basu ce Fredegund ce ta kashe ta ba, dan ita ta riga ta mutu tun 597, ɗan Fredegund ɗin ne ya yi.